Hannun Hagun Maestro Korvan

Shekara goma sha ɗaya Bawah ya yi yana jera wa makaɗa kujeru a wani zauren kiɗa da ke birnin Lusail, a ƙasar Larabawa. Mutumin Zangon Kumasi ne, ya haura hamsin, gajere mai faɗin kafaɗa, ba mai son yawan magana ba. Kafin kowa ya iso yake shirya kujeru saba'in da 'yan kai, kowace da ƙarfen ɗora takardar kiɗa a gabanta, ya turo manyan tambura zuwa bayan dandamali, ya ajiye ɗan dakalin katakon da jagoran makaɗa ke tsayawa a kai. In kiɗa ya tashi sai ya koma bakin ƙofar gefe, ta wajen masu goge, ya tsaya cikin duhu da baƙaƙen kayansa har a gama. Tun ranar da aka ɗauke shi aka ja masa kunne a kan abu ɗaya: muddin kiɗa na tafiya, ƙafarsa ba ta taka dandamali, ko me ya faɗi, ko me ya fashe.

Bai iya karatun takardun kiɗa ba, kuma bai taɓa cewa ya iya ba. Amma daga bakin ƙofar nan ya kalli jagorori sun fi arba'in, har ya san aikin nasu yadda mai shayi ya san masu zuwa teburinsa. Ya ga mai tsalle, ya ga mai huci kamar yana faskare, ya ga wanda ke rufe ido ya bar makaɗa su nemi hanyarsu. Ya kuma gane cewa hannun dama, mai riƙe da siririn sanda, lokaci kawai yake ƙirgawa. Hannun hagu ne ke magana. Shi ke cewa ku sassauta, ku ƙara, kai mai sarewa shigo yanzu, ku masu kakaki ku dakata tukuna.

A watan Nuwamba kamfanin da ke da zauren ya gayyato Maestro Emil Korvan daga gabashin Turai. Maestro laƙabi ne da makaɗa ke kiran jagoransu da shi, amma shi wannan ko a bayan idonsa ba a ajiye masa laƙabin. Dattijo ne ɗan shekara saba'in da ɗaya, dogo siriri, idanunsa kamar ba sa ƙiftawa. An san shi da jan kiɗa. Simfoni, wato dogon kiɗa mai kashi-kashi, wadda wasu ke gamawa cikin minti arba'in, shi sai ya kusa awa guda yana tafe da ita a hankali, kuma babu mai gajiya a zauren. Ba ya tsawa. In wani ya yi kuskure sai ya sauke sanda ya zuba masa ido, shiru, har a riƙa jin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki, sannan ya faɗi wurin da za a koma. Makaɗan da suka yi aiki da shi a wasu ƙasashe sun ce gara jagoran da zai zage ka da wannan kallon.

Amma abin da ya yi suna a kansa shi ne hannunsa na hagu. Ranar Lahadi, ranar bita ta farko, Bawah ya ga dalili. Maestro zai buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, sauti ya riƙa kumbura har ya cika zauren, sannan ya dunƙule hannun a hankali, mutum saba'in su yi ƙasa tare kamar an rage fitila. Simfonin da za su kaɗa tsohuwa ce mai kashi huɗu, an rubuta ta fiye da shekara ɗari da hamsin da suka wuce. Kashi na uku shi ne mai nauyi, yana tafiya kamar masu ɗauke da makara.

Ranar Litinin, ana tsakiyar wannan kashi na uku, hannun hagun ya sauka. Ba wani abu ya faru ba, saukowa kawai ya yi ya rataye a gefen cinyarsa. Hannun dama ya ci gaba da ƙirga lokaci. Makaɗa suka ga babu mai ce musu ku shigo ko ku sassauta, sai kowa ya kasa kunne ga na kusa da shi, suna tafiya a tsorace kamar masu taka ƙasa mai santsi. Sautin da ya fito siriri ne, mai sa tsikar jiki tashi. Bawah bai taɓa jin irinsa a zauren ba. Bayan kamar minti huɗu hannun ya motsa, ya tashi, ya koma aikinsa.

Da aka tafi hutu, Madam Salwa, Bamasariyar da ke shugabantar masu goge, ta wuce ta gaban Bawah tana gaya wa abokiyar zamanta cewa shekara ashirin tana wannan aiki, ba a taɓa sakar mata linzami haka ba. Ta ce mutumin ya janye hannunsa ne da gangan don su ji juna. Kafin azahar kowa ya ɗauki maganar.

Ban da Bawah. Shi ne mafi kusa da hannun a cikin waɗanda ba sa kallon takarda, kuma ya ga yatsun. Hannun da aka sauke don hutu a sake yake. Wannan kuwa yatsunsa sun lanƙwashe ciki, babban yatsa ya shige tafin hannu. Ya taɓa ganin haka. Mahaifiyarsa Sanatu koko da ƙosai take sayarwa a bakin titi a Zango. Sau uku cikin mako biyu ludayi ya suɓuce daga hannunta ya faɗa cikin tukunya, tana dariya tana cewa tsufa ne, su ma suna taya ta dariya. A na huɗu ba ludayin kaɗai ya faɗi ba. Shekara shida ta yi a kwance kafin Allah ya karɓi ranta.

Ya ce wa kansa ƙila tsoro ne ya sa yake ganin abin da babu. Me ya sani game da Turawa da salon kiɗansu? Sai dai washegari, da ya je ɗauko tiren abincin rana daga ɗakin Maestro, ya tarar an cinye shinkafar ɓangaren dama tas, ta ɓangaren hagu kuwa ko cokali bai taɓa ta ba, kamar an raba farantin da wuƙa. Ranar Laraba Maestro ya bugi ƙofar gefe da kafaɗarsa ta hagu, ya juyo ya harari ƙofar kamar ita ta matso. A ranar hannun ya sake sauka, wannan karon minti shida. Bawah ya lura har da cewa duk lokacin da hannun ke ƙasa, Maestro ba ya waiwayar masu goge, waɗanda ke zaune a hagunsa. Kansa yana karkace zuwa dama, sai ka ce rabin makaɗan sun tashi sun fita.

Manajan zauren, Mista Fadi, ɗan Lebanon mai yawan fara'a da turare, ya gayyato 'yar jarida ta kalli bitar Alhamis. Ta yi sa'a, hannun ya sauka a gabanta. Kafin yamma an buga labarin jagoran da ya kai matsayin da hannu ɗaya ya ishe shi. Mista Fadi ya sa aka canza babban hoton da ke ƙofar shiga, aka sa wanda aka ɗauka a lokacin: sanda a sama, hannun hagu a rataye. Bawah ne ya riƙe tsani aka liƙa shi.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya hau bas daga unguwar Fereej Abdel Aziz, inda yake zaune, zuwa kasuwar kayan gwari ta Abu Hamour. Ba kuɓewa ce ta kai shi ba, ko da yake ya saya. Ya san a wannan lokaci Dakta Shehu ke zuwa cefanen gidansa. Dakta Shehu Basakkwace ne, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a wani babban asibiti. Shekara uku da suka wuce suka haɗu a gaban mai sayar da doya, kowa ya ji ɗan'uwansa yana ciniki da Larabcin da Hausa ta riƙe wa wuya, tun daga nan suke gaisawa. Yakan tsokani Bawah a kan Hausar Zango, Bawah ya rama da ta Sakkwato.

Yau bai tsokane shi ba, domin tun daga gaisuwa ya ga fuskarsa. Suka koma gefe kusa da buhunan albasa, Bawah ya kwashe komai ya gaya masa, bai ambaci suna ba. Likitan ya ajiye ledarsa a ƙasa. Ya tambayi wane hannu ne, minti nawa yake yi, sau nawa, ko bakinsa na karkacewa. Da ya ji zancen farantin shinkafa sai ya daina tambaya.

"Malam Bawah, wannan ba salo ba ne," ya ce. "Jini ne ke yankewa daga wani sashe na ƙwaƙwalwarsa, ya jima ya dawo. Gargaɗi ne. Babban na iya zuwa bayan wata, yana iya zuwa gobe da safe."

Bawah ya tambaya ko mutumin ya san halin da yake ciki yana ɓoyewa ne.

"Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. In ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa ne ya taɓu, wani lokaci mai ciwon zai rantse maka lafiyarsa ƙalau, kuma ba ƙarya yake yi ba. Haka yake ji. Hagunsa ta ɓace masa, bai ma san ta ɓace ba."

Ya ce shi ba zai iya duba wanda bai zo gabansa ba, ba zai kuma iya jawo shi da ƙarfi ba. Ya zaro katinsa ya rubuta lambar wayarsa ta gida a baya, ya ce a kawo mutumin ko wace rana, ko wane lokaci, kada a jira a gama wani kiɗa.

Da safiyar Lahadi Bawah ya shiga ofishin Mista Fadi ya tsaya a bakin tebur. Da farko manajan dariya ya yi, ya ce ashe suna da likita a cikin masu jera kujeru ba su sani ba. Da Bawah ya ambaci faranti da ƙofa sai dariyar ta tsaya. Ya tashi ya rufe ƙofar ofis. Ya ce shi ma ya ga wani abu, har ya tambayi Maestro da bakinsa a otal, mutumin ya ce bai taɓa jin ƙarfi kamar yanzu ba. To shi wa zai gaskata? Kujerun zauren duk an kama su, manyan baƙi za su zo ranar Alhamis da za a yi wa jama'a kiɗan, ya je ya ce wa masu kamfani an fasa saboda farantin shinkafa?

"Ka ji ni da kyau, Bawah. In maganar nan ta fita, za a san daga bakin da ta fito. Kamfanin nan ne kafil ɗinka, shi ya tsaya maka a takardar zama, ba Maestro ba. Khalas, magana ta ƙare, koma bakin aikinka."

Ya koma. Da rana ya tari Madam Salwa tana mayar da gogenta cikin akwati, ya gaya mata a taƙaice. Ba ta yi mamaki ba, abin da ya ƙara tayar masa da hankali ke nan. Ta ce tun ranar Laraba ta daina yarda da maganar da ta faɗa da bakinta, domin ta ɗaga kai neman idonsa ta ga kamar ba ya ganinta. Amma wa zai tunkare shi? Makaɗin da ya ce wa jagora irin wannan ba shi da lafiya, in ya zama ba haka ba ne, ya gama aiki a nan da ko'ina. Ta ce za ta sa ido, in wani abu ya faru za ta ja makaɗan da kanta. Ta rufe akwatin ta tafi ba ta dube shi ba.

Ranar Litinin, lokacin da ya kai wa Maestro babban littafin kiɗansa ɗaki, Bawah bai fita ba. Dattijon na zaune gaban madubi. Kuncinsa na dama an aske shi sumul, na hagu kuwa furfura ce ta kwana biyu. Maɓallin hannun rigarsa na dama, wanda sai da hannun hagu ake maƙala shi, a buɗe yake.

Bawah ya nemi gafara da Turancinsa na aiki, ya ce shi ba kowa ba ne, amma mahaifiyarsa ta taɓa yin irin wannan, kuma akwai likita da ya ce a zo yau. Maestro ya saurare shi har ƙarshe, da irin kallon da yake yi wa makaɗin da ya yi kuskure. Sannan ya ɗaga hannun hagu tsakaninsu, ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya dunƙule su a hankali. Babu ko rawa a cikinsu.

"Wannan hannun?" ya ce.

"Shi, Maestro. Sau huɗu ya sauka a kashi na uku. Na ƙirga."

"Ban taɓa sauke hannuna a kashi na uku ba. Shekara arba'in ina kaɗa simfonin nan. A nan ne ma hannun hagu ya fi aiki."

Bawah ya ambaci hoton da ke ƙofar shiga da abin da jarida ta rubuta. Maestro ya ce 'yan jarida ba su taɓa fahimtar abin da yake yi ba, mai hoto kuma ya kama shi ne yana hutawa. Babu fushi a muryarsa, babu alamar mai ɓoye wani abu. Bawah ya gane mutumin gaskiyarsa yake faɗa. Ya ajiye katin Dakta Shehu a kan tebur ya fita. Sai da ya rufe ƙofa ya tuna a gefen hagu na teburin ya ajiye shi.

Kafin la'asar Mista Fadi ya kira shi ya ce Maestro ba ya son ganinsa a bakin ƙofar gefe. Aka mayar da shi ɗakin ajiya a ƙasa. Kwana biyu ya yi can yana goge ƙarafan ɗora takarda, kiɗan na sauko masa ta rufi a daƙushe. Ko daga nan yana iya gane lokacin da hannun ya sauka, domin sautin yakan sirance ya fara ɗari-ɗari. Ranar Talata sau ɗaya ya ji, ranar Laraba sau biyu. Duk lokacin sai ya ajiye tsumma ya tsaya yana jiran ƙarar faɗuwar wani abu mai nauyi a saman kansa. Ba ta zo ba.

Ranar Alhamis dole aka dawo da shi sama, don babu wanda ya san tsarin kujerun kamarsa. Ya leƙa ɗakin Maestro ya ga katin yana nan inda ya bar shi, an ɗora masa ƙoƙon shayi. Ma'aikatan zauren suna da izinin gayyato baƙo ɗaya, Bawah bai taɓa amfani da nasa ba sai ranar. Dakta Shehu ya iso bayan magariba da farin yadi da hula, aka zaunar da shi a ƙarshen layi kusa da hanya. Bawah ya koma bakin ƙofarsa. Babu wanda ya ce ya tsaya, babu wanda ya ce ya tafi.

Ƙarfe bakwai Maestro ya fito. Da zai wuce tsakanin masu goge, gefen rigarsa ya ture takardar wani, bai waiwaya ba. Ya hau dakali, ya sunkuya wa jama'a, ya juya.

Kashi na farko da na biyu Bawah bai taɓa jin an kaɗa su haka ba. Hannun hagu na aiki kamar na saurayi, yana jan sauti yana saki, yana kiran mai sarewa da ɗan yatsa ɗaya. Har Bawah ya fara tunanin ko ya zalunci mutumin ne, ya jawo wa kansa baƙin jini a banza. Ya hango Mista Fadi a ɗaya gefen yana murmushi.

Aka shiga kashi na uku. Ba a yi minti biyu ba hannun ya sauka. Wata 'yar ƙaramar ajiyar zuciya ta ratsa zauren, domin jama'a sun karanta jarida, abin da suka zo gani ke nan. Bawah ya dubi agogonsa. Minti huɗu. Minti shida. Minti takwas, hannun bai tashi ba.

Sai hannun dama ya fara rage gudu. Makaɗan, waɗanda aka yi kwana goma sha biyu ana koya musu kada su kuskura su wuce sandansa, suka bi shi. Ya ƙara ragewa, suka ƙara bi. Kiɗan ya ja har sautuka suka fara rabuwa da juna, tsakanin wannan da wancan sai ka ja numfashi. Fuskokin masu busa suka yi ja. A cikin zauren ko tari babu, mutum dubu sun zuba ido sun ɗauka ana nuna musu ƙarshen gwaninta. Daga inda Bawah yake kuwa yana ganin kafaɗar hagu tana yin ƙasa, gefen baki ya saki, wani siririn yawu na gangarowa kan farar kwalar riga. Madam Salwa ba ta daina goge ba, amma ta juyo da idanunta ta saman kayan kiɗanta ta dubi bakin ƙofa.

Bawah ya taka dandamali. Ya bi tsakanin kujerun da ya jera da hannunsa, bai yi gudu ba, don ya san inda ƙafar kowace take. Wani daga cikin jama'a ya yi tsaki da ƙarfi. Ya isa dakalin daidai lokacin da gwiwar hagu ta lanƙwashe, ya tare dattijon da ƙirjinsa, suka durƙusa tare. Bai yi zaton zai yi nauyi haka ba. Kiɗan ya rushe kaɗan-kaɗan, na gaba suka tsaya, na baya da ba su ga abin da ya faru ba suka ɗan ci gaba, har ya rage mai tambari shi kaɗai, shi ma ya ɗora tafinsa a kan fata.

Sandan na nan a hannun daman Maestro, yana motsi. Ya dubi rufin zauren, harshensa ya yi nauyi, ya ce, "Me ya sa suka tsaya?"

Dakta Shehu ya riga ya hau dandamali, waya a kunnensa, yana ba da umarni da Larabci da Turanci. Ya tambayi Bawah ƙarfe nawa hannun ya sauka, Bawah ya gaya masa har da minti. Likitan ya rubuta a bayan hannunsa da biro.

Maestro bai mutu ba. Dakta Shehu ya gaya wa Bawah daga baya cewa an kai shi a kan lokacin da za a ceci ransa, amma hannu da ƙafar hagu sun tafi, da wuya su dawo. Mista Fadi bai kori Bawah ba, bai kuma gode masa ba. Ya ce ya zauna a gida sai an neme shi.

Bayan kwana biyar aka neme shi, domin 'yar Maestro ta zo kwashe kayan mahaifinta, kuma ta ce tana son ganin mutumin da ya hau dandamali. Sunanta Ilona, mace mai kimanin shekara arba'in, doguwa kamar ubanta. Ya same ta a ɗakin tana jera littattafan kiɗa cikin akwati. Ta nuna masa kujera, ya ce ya fi son tsayuwa. Ya tambayi jikin mahaifinta. Ta ce kullum yana neman a ba shi sandansa da rigarsa, yana cewa lafiyarsa ƙalau an tsare shi ne kawai. Yana kuma gaya wa duk wanda ya shigo cewa wani mutum mai baƙaƙen kaya ne ya afka masa a tsakiyar kiɗa ya kayar da shi.

Bawah ya sunkuyar da kai. Ta ce ta san ba haka ba ne, likita ya yi mata bayani. Sannan ta zaro ƙaramin littafi da alƙalami.

"Yaushe ka fara gani?"

"Litinin ta makon farko, Madam."

Ta ƙirga da yatsunta. "Kwana goma kafin ya faɗi. Wa ka gaya wa?"

Ya waiwaya bayansa. Ƙofar a buɗe take, ofishin Mista Fadi kuma ba shi da nisa. Daga ƙarshe ya faɗa mata duka, da ranakun, har da kwana huɗun farko da ya yi bai gaya wa kowa ba. Ta rubuta sunaye uku, nasa na farko, sai na Mista Fadi da Madam Salwa, ta sa ya maimaita mata harufansa. Bai iya gane daga fuskarta ko godiya take shirin yi ko ƙara ba, ita ma ba ta ce ba. Ta miƙa masa hannu suka gaisa, hannunta sanyi ƙalau.

A ƙarshen watan aka ɗauki Maestro a jirgi zuwa ƙasarsu. Bawah ya ji cewa lauyoyi sun rubuto wa kamfanin takarda, an kira Mista Fadi da Madam Salwa an yi musu tambayoyi, daga nan bai ƙara jin komai ba. Shi ba a kira shi ba. Takarda kawai aka miƙo masa cewa an mayar da shi wani rumbun ajiyar kamfanin a unguwar masana'antu, inda ake tara kujerun biki da tebura. Ranar da zai bar zauren ya nuna wa wanda ya gaje shi yadda ake kulle ƙafafun manyan tamburan don kada su gangara, ya miƙa makullan ɗakin ajiya, ya fita ta ƙofar ma'aikata ya tsaya jiran bas a rana.